Saƙin da Aka Ce Surajo Ya Ƙona

Gogo Cima ta dawo daga gidan su Zaliha da ƙullin goron nan yadda ta tafi da shi, ko bakin ganyen ba a kwance ba. Surajo yana gindin rumbu yana sa wa gatari ƙota. Yana ɗaga kai ya ga ƙullin, sai ya dakata da aikin.

Ba ta dube shi ba. Ta ɗora goron a kan turmi, ta cire mayafi, ta ɗebi ruwa a randa ta yi ta sha kamar wadda ta taho daga Tawa a ƙafa, alhali tsakanin gidajen biyu ko kunu ba ya hucewa. Ita ce ƙanwar mahaifinsa, ita ta raine shi tun rasuwar uwarsa, ya kuwa san halinta. In Gogo ta daɗe a bakin randa, to maganar da ta ƙunso ba mai daɗi ba ce.

"Gogo, sun ƙiya?"

"Ba su ƙiya ba, ba su amsa ba. Sharaɗi sunka aza."

"Na mi?"

"Na saƙin nan naka." Ta zube a kan tabarma tana haki. "Kawunta Isaka yac ce ka tahi wurin mutanenka ka amso shi, ka kawo shi gidansu ran Juma'a bayan la'asar, ka sa shi wuta da hannunka gaban shaidu. Kuma ƙahwarka ba ta ƙara taka rumfar nan har abada. In ka yi haka, an amshi goro. In ba ka yi ba, ka nemi wata."

Surajo ya ajiye gatarin a hankali.

"Wagga ba maganar Kawu Isaka ba ta. Maganar Hamani ta, wan mijinta marigayi."

"Ko ta wa ta, da bakin Isaka tah hito. Haba Surajo, ƙyalle na fa! Ƙyalle zai hana ka aure? Ni na gaji da a nuna ni da baki a rijiya. Ka ƙone shi mu huta."

Ga Gogo ƙyalle ne. Ga duk wanda bai taɓa kwana a turu ba ma ƙyalle ne.

Shekarar da fari ya watsa samarin Adar, Surajo ya tafi Abijan neman abin kai kamar kowa. Wasu sun dawo da rediyo, wasu da keke. Shi kuwa a bayan kamyo, babbar motar ɗaukar kaya, aka dawo da shi, ɗaure da igiyar kaya, yana amsa wa wata murya da babu mai jin ta sai shi. Yayyensa suka kai shi gidan wani boka a wani ƙauye bayan Buza. Can aka sa masa mari aka haɗa da turu, ya yi damina da rani yana shan bulala da hayaƙi. Ranar da aka kwance shi ciwon ya lafa, amma ƙarfen ya bar masa baƙin tabo zagaye da idon sawunsa biyu.

Wani masaƙi da ake kira Tsoho ne ya tsince shi a bakin kasuwar Keita, lokacin da abokansa na da suke sake hanya in sun hango shi. Shi ma Tsoho ya sha turu a zamaninsa. Shi ya tara irinsu a tsohuwar rumfar awon auduga da ke bayan gari, kowace Laraba bayan azahar. Ba boka, ba malami, ba likita, sai wanda ya ɗanɗana. Kowa ya faɗi yadda barcinsa ya kasance a makon, ko yana cin abinci, ko ya sha ƙwayarsa in an samo daga Tawa, ko abin ya fara leƙowa. Mutanen gari, masu lafiyar da ba su taɓa tambayar inda suka samo ta ba, suka raɗa wa wurin majalisar mahaukata.

Duk wanda ya shiga rumfar, Tsoho zai saƙa masa farin saƙi mai faɗin tafin hannu, mai tsawon rawani. Mutum ba ya ajiye nasa. Yana cikin hankalinsa zai zaɓi mutum ɗaya a rumfar ya danƙa masa, ya ce: in na tashi kai za ka zo, da wannan za ka ɗaure ni, kai za ka zauna da ni har in sauka, kada ka bari a kawo ƙarfe. Na Surajo yana hannun Tsoho. Surajo kuma yana riƙe da na wani baduku mai suna Jima. Sau ɗaya aka taɓa ɗaure Surajo da nasa, bara waccan. Tsoho ya zauna a kansa yana ba shi kunu a baki har ya dawo hayyacinsa, bai tashi da ko ƙwarzane ba.

Wannan ne aka ce ya ƙona in yana son Zaliha. Yana kuwa son ta, son da har tsoro yake ba shi.

* * *

Washegari ya same ta a shantiye, can kan tudun da furoje, shirin nan na masu ba da agaji, ya sa a jera duwatsu don tare ruwan sama. Maza kaɗan ne a aikin, su ke fasa dutse, mata su ɗauka a ka. A nan suka san juna. Zaliha bazawara ce, mijinta Yaro ya rasu a shekarar yunwa ya bar mata ɗiya guda, Mairamu. Hamani wan marigayin ne, ɗan kasuwar albasa mai shago a Madawa, tun kafin ta gama takaba yake aiko mata da turmin atamfa tana mayar masa.

Da rana ta take aka tashi hutu, Zaliha ta ja gefe ƙarƙashin wata ƙaramar aduwa. Ya bi ta. Ta sauke gammo ta zauna, idanunta duk sun kumbura.

"Kin ji sharaɗin?" ya tambaye ta.

"Ina bayan zana anka yi shi."

"Kuma kinka yi shiru?"

"Mi zan ce, Surajo? Hamani ya zo da mutane. Yac ce ɗiyar ƙanenshi ba ta tashi gidan da aka ɗaure mai gida. Yac ce ran da anka ɗaura mani aure da ɗan rumfa, ran nan zai ɗauke Mairamu ya kai ta Madawa. Kawu ya roƙe shi, ya roƙe shi, har ya cire hula. Kana Hamani yac ce to, in ka warke, ka nuna wa duniya."

"Kin san abin da yaka nema. Ba warkewata yaka so ba."

"Na sani! Kana cewa ban sani ba? Ni ba yarinya ba ta, ba mai yi mani tilas. Na ƙi Hamani gaban kowa, gobe ma in ya zo in ƙi shi. Amma ɗiya ta dangin uba ta. Ko gaban alƙali munka je, mi zan hwaɗi? In ce ga mijin da zan aura, ga kuma mutumin da ke riƙe da abin ɗaure shi?"

Surajo ya sunkuya ya naɗe ƙafar wandonsa zuwa ƙwauri. Bai taɓa yin haka a gabanta ba.

Ta kalli tabon, ta kau da kai.

"Ki duba, Zaliha. Ki duba da kyau. Wanga aikin yayyena na, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma don suna so na sunka yi shi. Ba su san wata dabara ba. Saƙin nan da kika ji ana raina wa, shi kaɗai ya tsaya tsakanina da komawa can."

"Ka warke ai! Ga ka nan kana hwasa dutse, kana salla, kana magana da ni. Shekara nawa rabonka da shi?"

"Ban warke ba. Ba wanda yaw warke cikinmu, lallaɓawa mukai."

"To ka lallaɓa a ɗakina! Ni ban isa ba? Hannuna ba hannu ba na?"

"In na tashi ba ni sanin ki."

Wannan kalma ta doke ta. Ta dafe baki, hawaye suka ɓalle, ta yi ta kuka har kafaɗunta na rawa. Matan da ke nesa suka fara leƙowa suna zunɗe. Surajo ya ji kamar ya haƙa rami ya shige. Shi da ya yi wa kansa alkawarin ba zai taɓa sa ta kuka ba, ga shi tun ba a karɓi goro ba ya fara.

"Tun da Yaro yam mutu," ta ce cikin shessheƙa, "ban ƙara dariya ba sai da kai. Na ci tafasa ba gishiri, na sai da tasoshin aurena, na ɗauki dutse da ciwon baya, duk ban yi kuka ba. Yanzu da nig ga haske kaɗan, sai a ce in zaɓa, ko kai ko ɗiyata? Ba ni iyawa, Surajo. Wallahi ba ni iyawa. In anka ɗauke Mairamu mutuwa zan yi. In kuma kab bar ni, ban san da wane ƙarhi zan sake hawa tudun nan ba."

"Zaliha..."

"Ba ni roƙon ka dukiya. Ba ni roƙon ka gida. Abu guda nika roƙo. Ka ƙona shi. Allah na nan, ba ya barin mu."

Ya kalli hannayenta da dutse ya farfasa. Ya tuna yadda take ɓoye masa ɗan mai da gero daga rabonta na furoje, ta ce wai ya yi mata yawa. Mutum irinsa, da ko gaisuwa ake yi masa daga nesa, mace kamar wannan ta zauna tana kuka a kansa.

"Share hawayenki," ya ce. "Zan amso shi."

Ta kama gefen rigarsa ta riƙe, ba ta ko damu da masu kallo ba. Shi kuwa tun daga wannan rana barci ya ƙaurace wa idonsa.

* * *

Ranar Laraba ya isa rumfar a makare, da gangan. Sun riga sun zauna a da'ira kan tsofaffin buhunan auduga, su bakwai ko takwas. Baraka ce ke magana, wata mata da ciwon ya kama bayan haihuwa, tana ba da labarin yadda ta iya zuwa rijiya ita kaɗai a makon nan ba ta gudu ba. Aka yi mata barka kamar wadda ta dawo daga Makka.

Da layi ya zo kansa, Tsoho ya dube shi ta ƙasan gira.

"Surajo, ina barci?"

"Lahiya lau."

"Ci fa?"

"Lahiya lau."

Ba a taɓa yin ƙarya a rumfar nan an wuce da ita ba. Mutanen da suka san yadda idon da bai rintsa ba yake, ba a ruɗin su da lafiya lau. Surajo ya sa hannu a aljihu, ya ciro saƙin Jima a naɗe, ya je ya durƙusa gabansa ya ajiye.

Jima ƙato ne, wuyansa kamar na bijimi, amma ya kalli saƙin nan kamar an ajiye masa maciji.

"Mi nay yi maka?"

"Ba ka yi mani komi ba. Ni zan bar rumfa."

Ya faɗa musu duka, kansa a sunkuye: Zaliha, da Mairamu, da Hamani, da wutar ranar Juma'a.

Baraka ta miƙe tsaye.

"La'ilaha illallahu! Su da ba su taɓa kawo maka ko ruwa ba kana turu, yau su za su gaya maka ka warke? Ka tambaye su, ran da kat tashi bara waccan wa yaz zauna kanka? Hamani na?"

"Zauna, Baraka," in ji Tsoho.

"Ba ni zama! Yau shi, gobe kowa dangi su ce ya ƙona nashi. Mi ya rage muna?"

Jima bai taɓa saƙin ba har yanzu.

"Kai kaɗai ka iya ni," ya ce a hankali. "In na tashi mutum ukku ba su riƙe ni. Kai muryarka kawai nika ji in kwanta. Tsoho ya tsuhwa, hannunshi ba ya kai wa. In ka tahi, ƙannena maƙeri za su kira."

Surajo ya kasa ɗaga kai. Da duka Jima ya rufe shi da shi, da ya fi masa sauƙi.

"Ka yahe mani, Jima. Ina son ta."

"Na sani," in ji Jima. "Ni ma na taɓa son wata."

Tsoho ya jawo jakar fatarsa, ya lalubo, ya fito da saƙin Surajo. Ya ɗan yi ja saboda ajiya, akwai wani wuri da kunu ya taɓa zuba ya bar alama. Ya miƙa masa da hannu biyu.

"Naka na. Ba mu riƙe na mutum da tilas. In mun riƙe da tilas, mi yar raba mu da mai turu?"

Surajo ya karɓa. Tsoho bai saki ɗaya bakin ba tukuna.

"Abu guda zan gaya maka, ɗana. Idonka bai yi barci ba, kai ma ka sani. Ba na ce kada ka yi aure ba. Wanda duk ya samu mai son shi cikinmu, mu duka munka samu. Amma sun ce ƙahwarka ba ta zuwa nan, kuma in ba saƙi hannuna, danginka ba su buɗe mani ƙohwa. Da shi nika shiga gidan mutane. In ka ƙone shi, ran da abin yaz zo, daga waje zan tsaya ina ji."

Ya saki.

Surajo ya fita. Babu wanda ya ce masa sai wani jiƙon. Yana tafe yana jin Baraka tana kuka a bayansa, bai waiwaya ba don ya san in ya waiwaya ba zai iya tafiya ba.

* * *

Ranar Juma'a bayan la'asar tsakar gidan Kawu Isaka ta cika. An shimfiɗa wa dattawan unguwa tabarmi, mata suna bayan zana ana jin motsinsu. A tsakiya an ajiye kasko cike da garwashi. Gogo Cima ta sake ɗauko goronta, ta zauna can gefe ta rungume shi.

Hamani kaɗai ke kan kujera. Ya sha shadda ruwan toka, agogo na walƙiya a hannunsa. A kan cinyarsa ya ɗora Mairamu, ya cika mata hannu da alewa, tana tsotsa tana kallon mutane. A ƙofar gida kuwa kamyon albasarsa na tsaye, direba bai ko kashe inji ba. Wanda bai gane wannan ba, to ba ya son ganewa ne.

Surajo ya yi sallama ya durƙusa. Kawu Isaka, mutum mai taushin rai da aka fi ƙarfinsa a gidansa, ya yi gyaran murya.

"To Surajo, ka san abin da yat tara mu. Mu ba mu ƙi ka ba. Ka nuna wa jama'a ka rabu da wancan al'amari, mu amshi goro, a sa rana."

Surajo ya ciro saƙin. Ya warware shi, ya sake naɗewa. Ya dubi zana. Ta wata kafa ya hango ido guda, ya kuwa san ko na waye.

"Ka warke ko ba ka warke ba?" Hamani ya jefo masa. "Ka hwaɗi da ƙarhi kowa ya ji."

"Na warke."

"Ba mu ji ba."

"Na warke!"

Ya jefa saƙin a kasko.

Auduga mai kauri ba ta kama wuta nan take. Ya kwanta a kan garwashin yana hayaƙi, gefensa ya fara baƙi. Gogo Cima ta ce alhamdulillahi. Wata tsohuwa a bayan zana har ta gyara murya za ta rangaɗa guɗa.

Hamani ya ɗaga hannu.

"Tsaya tukuna. Shaidu ku ji, don kada gobe a ce na yi zalunci. Da bakinshi yac ce ya warke. To ran da yat tashi, kada wani ɗan rumfa ya zo muna da ƙyalle. Ɗiyarmu na cikin gidan, mu ke da magana. Na riga na yi da maƙeri, marin na nan rataye a shagona, sabo ful. Kuma mutumin nan na bayan Buza yana raye, na aika an gaishe shi. Yac ce turunka na nan inda kab bar shi, Surajo."

Yana faɗa yana murmushi, yana shafa kan yarinyar.

Abin da ya faru da Surajo a lokacin, shi kansa bai san ya faru ba. Warin hayaƙin ne ya fara shigar masa hanci, irin na gidan bokan nan. Ya tsuguna a gaban dattawan nan, ya sa hannu biyu ya rufe idon sawunsa, ya dunƙule kamar akuyar da ta ga wuƙa. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa, ba kuka ba, ba magana ba. Ba ciwon ba ne ya tashi. Tsoro ne tsagwaronsa, tsoron mutumin da ya san wurin da ake faɗa.

Sai zana ta yage.

Zaliha ta faɗo tsakar gida ba mayafi. Kafin kowa ya motsa ta cusa hannunta cikin garwashin, ta fizgo saƙin yana ci da wuta, ta danna shi a cinyarta tana bugu da tafin hannu har ya mutu. Warin fata ya gauraye da na auduga. Ta tsaya tana haki, saƙin a ƙirjinta, rabi fari rabi gawayi.

Sai a lokacin ta dubi abin da ke hannunta. Sai a lokacin ta dubi kujera.

Hamani ya miƙe, ya saɓa Mairamu a kafaɗa.

"To jama'a, kun gani. Ban ce komi ba. Ita da kanta ta shaida bai warke ba."

"Hamani!" Kawu Isaka ya tashi yana tuntuɓe da rigarsa. "Don girman Allah, tsaya mu yi magana!"

"Magana ta ƙare, Kawu. Ta zaɓa."

"Ban zaɓa ba!" Zaliha ta ƙwala ihu. "Wallahi ban zaɓa ba! Hannuna na yat tahi! Ga shi, in mai da shi wuta, ga shi! Yaya Hamani, ka dubi Allah, ka dubi Yaro da ke kabari!"

Ko waiwaye bai yi ba. Alewar ta zube daga hannun yarinyar. Ta miƙo hannu ta saman kafaɗarsa tana kiran "Inna! Inna!" Zaliha ta bi su da gudu, mutanen Hamani biyu suka tare ƙofar zaure da ƙirjinsu. Ta yi ta dukan su da hannun da ya ƙone, ba ta ko jin zafi. Aka ji an rufe ƙofar kamyo. Aka ji ya tashi. Muryar yarinyar ta yi ta raguwa har ƙarar injin ta haɗiye ta.

Dattawan nan da aka tara don shaida, kowa ya shiga neman takalminsa. Gogo Cima ta zauna da goronta a cinya tana kallon ƙasa.

Surajo ya miƙe da ƙyar. Ya dubi Zaliha a bakin zaure. Saboda shi aka tafi da yarinyar nan. Da ya ƙi zuwa, da yanzu tana nan tana wasa a gindin turmi. Ya ji ya tsani kansa, ya tsani ranar da ya fara gaishe ta a kan tudu.

Zaliha ta juyo daga bakin zaure. Ta daina kuka. Ɗankwalinta ya faɗi, idanunta a buɗe tar, suna kallon sa kamar suna kallon wani abu can bayansa. Leɓɓanta na motsi ba sauti. Surajo ya san irin wannan ido. Kowace Laraba yana zama da masu shi.

Ta tako har gabansa. Ta kamo hannunsa, ta danƙa masa ƙonannen saƙin, ta naɗe yatsunsa a kai da nata da suka sale.

"Ga naka, Surajo," ta ce, muryarta a kwance kamar ba ita ba. "Na hid da maka shi. Ni kuma wa zai ɗaure ni?"